Tafiyata Gidan Nomau da Karatun Saratu

Tun da na dawo daga ƙasar Kibiya ban huta da tambaya ba. Matan da muke nazarin Littafi Mai Tsarki tare ran Laraba a gidana, kowace ta shigo sai ta ce, "Mama Rifkatu, yaya mutanen can?" Sai ka ce Urushalima na je. Na ba wannan rabin labari, na ba waccan rabi, har na ji ana yaɗa cewa wai jaki na hau ya kayar da ni. Ban hau jaki ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata.

Ni tela ce a nan Rano. A Kano aka haife ni, aure ya kawo ni, maigidan ya rasu na ci gaba da zama. Shekarun baya ikilisiyarmu ta tura ni Jos na koyo yadda ake bi da ƙaramin taron nazari a gida. A zauna a kewaye kowa yana ganin fuskar kowa, a karanta, a yi tambaya, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, mai jagora kuma kada ya mai da abin wa'azi. Na dawo na kafa namu, ya kuwa kama. To, ran nan bayan sujada fasto ya kira ni ya ce akwai wani gida can bayan ƙauyen Fammar a ƙasar Kibiya, Gidan Nomau ake ce masa, Hausawa ne Kirista, asalinsu Maguzawa kamar dangin mijina. Mai bisharar da ke zuwa musu a keke an mai da shi wani gari, ɗakin sujadarsu ya rushe da daminar bara, izinin sake gini kuma bai fito ba. Tun daga nan ba su sake taruwa a kan Littafi ba.

Fasto ya ce, "Ba wa'azi za ki je yi ba, Mama. Mutum ɗaya za ki samo mana a cikinsu wanda zai riƙe nazarin in kin taho. In ruwa ya sauka ba a samu ba, kowa zai shige gona, shi ke nan an watse."

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Da bakina na faɗa.

Na fita da hantsi, cikin zafin bazarar nan da ko kare ba ya son fita. Lokacin ne aka fara raba maza da mata a mota, don haka ɗan kamasho ya tura mu kujerar baya, mu da kaya. Aka haɗa ni da wata Hajiya mai jiki, 'yar kasuwa, da kwandon daddawa a cinyarta. Ba mu bar tasha ba sai da zanena ya ɗauki warin daddawa. Ta dube ni, ta dubi jakata.

"Baiwar Allah, biki za a je?"

Na ce, "A'a Hajiya, karatu zan je koyarwa."

"Masha Allah. Islamiyya?"

"Na coci."

Ta sake dubana daga mayafi har takalmi, sannan ta tuntsire da dariya. "Au, Gidan Nomau za ki ke nan. Ai mutanenmu ne, a wurinsu nake sayen kalwa tun ina amarya. Ki gaishe mini da Lami, ki ce mata kalwar bana ta yi tsakuwa."

Daga nan hira ta ɓarke. Kafin mu yi nisa na san ciwon ƙafarta, na san sunan 'ya'yanta, na san wanda a cikinsu ba ya jin magana. Da muka kai iyakar Rano da Kibiya sai ga wani katako mai ƙusoshi a gicciye, da samari masu yankar tikiti a ƙarƙashin bishiya. Direba ya waiwayo ya ce, "To jama'a, an iso boda, kowa ya fito da fasfo." Wani tsoho a gaba ya ɗauka da gaske, ya shiga laluben aljihu, sai da aka yi ta ba shi haƙuri. A nan ne kuma, da muka sauka shan iska, na gano inda burodin da na sayo na tsaraba ya shiga. Tun daga Rano Hajiya a kansa take zaune. Ya koma kamar gurasa. Ta yi ta salati tana neman gafara, ta cusa mini daddawa a jaka wai ta wanke laifi.

A Kibiya mota ta ƙare, sai acaɓa. Nan ma na tarar da dokar nan ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata. Duk wanda na tsayar sai ya girgiza kai ya wuce. Raina ya fara ɓaci, ga rana, ga jaka. Can wani dattijo-dattijo mai suna Malam Habu ya matso, yana magana yana kallon wani wuri daban kamar ba da ni yake ba.

"Iya, ki miƙe nan har ki wuce makarantar firamare. In kin ga kuka babba ki tsaya. Ni ban gan ki ba, ke ma ba ki gan ni ba."

Haka na taka da ƙafa har bayan gari, ina gumi ina mita. Ya zo ya ɗauke ni, jakata a tsakaninmu don a san da iyaka. Hanyar Fammar yashi ce da kwazazzabai, in ya shiga yashi sai in sauka in bi shi a baya. A wani rafi da ya ƙafe ya tsaya ya yi azahar, ni kuma na zauna a inuwa ina gadin babur. Da ya idar ya ce, "Ke ba za ki yi taki ba?" Na ce na yi tun a kan babur, don yadda yake tuƙin nan dole mutum ya tuna da Mahaliccinsa.

Gidan Nomau gida ɗaya ne, amma ya kai wata unguwar girma. Sashe bayan sashe, rumbuna a tsakiya, zana a kewaye da kowane ɗaki. Abin da ya fara ba ni mamaki matan ne. Ba kulle, ba lulluɓi mai yawa, kowace da fartanyarta da 'yar gonarta, in suna hira kuwa daga bakin rafi kana jin su. Maza majiya ƙarfi duk sun tafi cirani, sai tsofaffi da mata da yara. Uwargidan, Iya Lami, wata gajeriyar tsohuwa mai kaifin baki, ita ta tarbe ni. Na isar mata da saƙon Hajiya. Ta ce, "Tsakuwar a bakinta take." Na miƙa burodi, ta juya shi ta ce ashe gurasar Rano ta canja kama.

Aka sauke ni a ɗakin Saratu, matar ɗansu Ɗanladi, wanda shi ma yana cirani a Kano. Yarinya ce mai natsuwa, da goyo. Ɗakin tsaf, kwanuka jere, gadon ƙarfe, kaza kuma tana kwance a kan ƙwai a ƙarƙashin gadon, aka ce kada in dame ta don ta riga ni zuwa. Abinci tuwon dawa ne miyar kuka, da safe kunun tsamiya, da rana kwaɗon zogale. Ban taɓa cin miyar kuka mai daɗin tasu ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da ban so ba shi ne a kawo wa baƙo abinci a ja ƙofa a bar shi shi kaɗai. Mu a gari baƙo tare ake ci da shi ana hira. Su kuwa a wurinsu kallon bakin baƙo rashin kunya ne.

Da yamma aka kai ni gaida maigidan, Baba Yakubu. Shi ne ya fara karɓar bangaskiya a gidan tun yana saurayi, shi ya ɗauko katakon ɗakin sujadar a kansa daga Kibiya. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance haske da duhu. Na same shi a ƙofar ɗakinsa da Littafinsa a cinya, a naɗe cikin tsumma. Ya ce da can yana karantawa da kaɗan-kaɗan, yana bi da yatsa.

"Yanzu sai dai in ji nauyinsa a hannu, Malama. Tun da mai keken nan ya tafi ba wanda ya karanta mini ko aya ɗaya."

Maganar ta taɓa ni ƙwarai. Na ce a raina, tsohon nan ba zan bar gidan nan ba sai na bar masa mai karatu.

Neman mai karatun bai ba ni wuya ba. Tsofaffin ba su yi boko ba, 'yan matan kuma in sun kama layi ɗaya sai sun yi tuntuɓe a kowace kalma. Amma da sassafe na ji Saratu tana karanta wa kanta a bakin gado, murya ƙasa-ƙasa, tiryan-tiryan kamar mai labarai a rediyo. Ashe ta yi sakandare kafin aure. Na yi mata tambaya a kan abin da ta karanta, ta ba ni amsar da ko a taronmu na Laraba sai an tafa mata. Na ce shi ke nan, aikina ya ƙare tun ban fara ba.

Na lura da wani abu amma ban ba shi muhimmanci ba. In Saratu za ta rijiya, hanya ta gaban ɗakin Baba ta bi, amma sai ta zagaya ta bayan rumbuna. In ta hango shi tafe sai ta tuɓe takalmi ta juya wa hanya baya har ya wuce. Mu ma a Kano muna kunyar suruki, ba na ce ba ma yi ba. Amma ni da uban mijina har talabijin mun kalla a falo ɗaya, in ya yi gardama in mayar masa.

Da la'asar sakaliya aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Na hana a zauna maza gaba mata baya yadda suka saba, na ce a kewaye za a zauna, haka ake yi. Suka bi ni don ni baƙuwa ce. Sai na kamo hannun Saratu na zaunar da ita daidai gaban Baba Yakubu, gwiwa kusa da gwiwa, don ya ji karatun da kyau. Iya Lami ta yi gyaran murya, ban kula ba. Muka yi waƙa, na yi addu'a, na buɗe Littafi na ɗora wa Saratu a cinya na ce ta karanta mana.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce, "Karanta mana, 'yata." Shiru. Na sake cewa. Ta ƙara sunkuyar da kai. Ashe ban da zaman da na yi mata, wurin da na zaɓa a Littafin ma sunan tsohon ne a ciki daga sama har ƙasa, sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun da aka kawo ta gidan. Ta ajiye Littafin a hankali, ta tashi da baya-da-baya, ta shige bayan rumbu. 'Yan mata suka fara ƙunshe dariya.

Baba ya ce, "Malama, ki karanta mana da kanki."

Na karanta. Na yi tambaya, ba wanda ya tanka, don matan da suka rage ma rabinsu surukansa ne. Na amsa wa kaina. Na sake tambaya, na sake amsa wa kaina. Abin da aka ce mana a Jos kada a yi, shi na yi daga farko har ƙarshe, wa'azi na zuba musu.

Na koma ɗaki a fusace. Na sami Saratu tana tsinkar zogale, na hau ta da faɗa. Na ce a gaban Maganar Allah babu suruki babu suruka, duk 'ya'ya ne. Na ce baiwar da aka ba ta ba ta ɓoyewa ba ce. Ta bar ni na gama.

"Mama, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ke jibi ko gata Rano za ki koma. Ni a nan zan kwana. In na buɗe baki a gabansa, kafin ranar kasuwa an kai wa mahaifiyata cewa ba ta ba ni tarbiyya ba. Kuma ba don maganar mutane kaɗai ba. Ni ma ba zan iya ba. Ko ke aka ce ki tuɓe ɗankwali a tasha, ai ba zunubi ba ne, amma za ki yi?"

Ta share ido da bakin zane ta ce, "Kin ɗauka ba na jin tausayinsa? Kullum ina hango shi da Littafin nan a cinya."

Washegari na je wurin tsohon. Na ce shi ne babba, ya yi mata izini kawai a wuce wurin. Ya yi murmushi.

"Ni ban hana ta ba, Malama. Kunyar ba tawa ba ce balle in yafe. Tata ce, ita ce mutuncinta a gidan nan. In na ce ta ajiye, na ƙwace mata abin da ta zo da shi daga gidan ubanta." Ya shafa tsumman Littafin. "Abin da za a yi, ku yi taronku ban da ni. Ni na ji rabona tun da. Yaran nan su ne ba su ji ba."

Haka aka yi da yammar ran nan, kuma ba zan ɓoye ba, taro ya yi kyau. Saratu ta karanta, in ta zo kan sunan sai ta ce "mai sunan Baba" ta wuce, ba wanda ya ga abin dariya a ciki. Ta yi tambaya, mata suka ɓarke da magana, har gardama aka yi tsakanin wata mai ganin ta fi kowa fahimta da wata tsohuwa da ta ce ita a rayuwa ta gani ba a takarda ba. Sauran tsofaffi maza biyu, waɗanda ba surukanta ba ne, su ma suka sa baki. Abin da fasto ya aiko ni nema na samu. Amma daga inda nake zaune ina hango Baba Yakubu can nesa a ƙofar ɗakinsa, ya karkato da kunne wajenmu, iska kuma ba ta kai masa komai. Daɗin taron ya fita daga raina. Mutumin da ya kawo Littafin gidan, shi muka kora don a karanta shi.

Iya Lami ma ta gani. Ba ta ce mini komai ba, don tun ranar kewayen nan take kallona kamar wadda aka aiko ta ɓata musu gida. Amma kashegari da lokacin taro ya yi, na fito na tarar babu tabarmi a gindin tsamiya. Ta sa an kwashe su an kai inda mata ke daka, jikin zanan da ya kewaye ɗakin Baba. Wurin ba inuwar kirki, ga ƙaiƙayi, ga kaji. Na ce, "Iya, me ya sa nan?"

"Ke dai zauna, 'yar birni. Shekara nawa muna daka a nan muna gulmarsa, yana ciki yana jin komai? Wa ya taɓa jin kunyar zana?"

Muka zauna. Saratu ta dubi zanan, ta dubi uwar mijinta. Iya ta ce, "Maigidan ba ya nan. Karanta." Kowa a wurin ya san yana nan, don ana ganin ƙafafunsa ta ƙasan zana. Saratu ta juya wa zanan baya, ta buɗe Littafi. Muryarta ta fara da rawa, sannan ta daidaita. Ta kai ƙarshe ta rufe, ta yi tambayarta ta farko, aka fara amsawa. Ni dai ban ce uffan ba, karo na farko tun zuwana.

Ana cikin haka sai muka ji tari daga bayan zana.

"Lami."

"Na'am."

"Ki ce wa mai karatu ta maimaita wurin nan na ƙarshe. Kunnena bai kama ba."

Ba wadda ta yi dariya. Iya ta juya ta ce, "Kin ji." Saratu ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, a ce masa to." Ta sake buɗewa ta karanta, a hankali, da ƙarfi fiye da na farko. Da ta gama sai muryar ta ce, "Lami, ki ce ina da tambaya." Haka aka yi nazarin har rana ta yi ja, tambaya ta bi ta kan Iya ta fito, amsa ta bi ta kanta ta koma. Wani lokaci ma Iya ba ta maimaitawa, sai dai ta ce, "Ka ji," ko "Kin ji." Sau ɗaya ta ƙara nata a ciki, tsohon ya ce, "Wannan ba mai karatu ce ta faɗa ba, na san muryar ƙarinki."

Na ƙara kwana ina kallo ba tare da na sa baki ba, na ga abin ya zauna da gindinsa. Suka tsayar da Lahadi da Alhamis. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas, na ce gara in kama hanya tun rafi bai kawo ba. Aka cika mini jaka da kuka da gyaɗa. Iya Lami ta ba ni ƙullin barkono ta ce, "Kin iya karatu, zama ne ba ki iya ba. In kin sake zuwa ma koya miki."

Na je sallama da Baba Yakubu. Na durƙusa daga nesa yadda na ga suna yi. Ya sa mini albarka, ya ce in gaida fasto da mutanen Rano. Har na miƙe sai ya ce, "Malama." Na koma na durƙusa.

"Ni da na riga na fid da rai. Na ɗauka sai a bakin kabarina za a sake karanta mini Littafin nan."

Na ɗauki jakata na fita, sai da na kai bakin hanya sannan na tsaya na share fuskata.